Aron Ƙafar Amalanke

Shekarar da aka rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya, kaya suka yi wuya a Tahoua, har abin da mutum bai taɓa zaton zai nema ya rasa ba. A bazarar wannan shekara ce injin da ke jawo ruwa a famfon garinmu ya mutu. Garinmu yana gaba da Takanamat, kuma idan rijiyoyi suka ƙafe, mu da makiyayan da ke kewaye da mu duk a wannan famfo muke sha. Injin wuta ne babba, wanda muke ce wa gurub. Aka kai shi birni gyara, aka ce in bi shi, don ina cikin waɗanda aka ɗora wa kula da famfon.

Gyaran ya ja kwanaki. Duk wanda ya shigo birni daga gida labari ɗaya yake kawo mini: mata na tatsar laka a gindin tsohuwar rijiya, shanu sun kewaye kwamin shan ruwa suna lasar siminti. Ranar da makanike ya tayar da injin a gabana, ban tsaya cin abinci ba, na tafi neman direba.

Direban taubashina ne, ɗan gwaggona, mai mota buɗaɗɗiyar baya. Bayan motar muka cika da durom na gazuwal, wato man dizal, shi kuwa gurub yana ɗaure a kan rimok, wato ƙaramin keken ƙarfe mai ƙafa biyu da ake maƙala wa mota ta ja. Wani maƙeri ne ya haɗa shi da gatarin tsohuwar mota. Kafin mu fita gari muka tsaya wurin mai faci a ƙara iska.

Mai facin ya durƙusa a gefen tayar hagu ta rimok ya daɗe yana duba ta. Ni a idona taya ce mai kyau, zanenta bai ko cinye ba. Ya kama yatsana ya bi da shi ta gefenta, sai na ji ƙananan tsage kamar faso a diddige. Ya nuna mini wasu lambobi a jikinta ya ce shekarar da aka yi ta ke nan. Ni karatuna na allo ne da ajami, ban gane su ba, amma na gane fuskarsa.

"Malam, wagga taya ba tafiya ta kashe ta ba, zama ne cikin rana," in ji shi.

"To a ba mu wata," na ce.

Ya yi murmushi. "Ka buɗe mini iyaka in ba ka biyu."

Muka zaga masu taya na bakin tasha, babu irinta ko tsohuwa. Taubashina ya dube ni ya ce, "To, liman, kai ke da addu'a, ni ke da sitiyari. Mu kwana ko mu tahi?" Na tuna da shanun nan masu lasar siminti, na ce mu tafi da sunan Allah.

Ban taɓa ganin taubashina ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Ya bi kusoshin ƙafafun rimok ɗaya bayan ɗaya da sifana. Ya girgiza maƙalin da ke haɗa shi da mota, ya ƙara sarƙa ta biyu ya ce ko maƙalin ya ɓalle kada rimok ya tafi abinsa. Ya ja igiyoyin da suka danne gurub har suka yi ƙara kamar tsirkiya. Da muka bar kwalta muka hau jar hanya, sai ya riƙa tsayawa a kai a kai, ya sauka ya ɗora tafin hannu a kan tayar, ya taɓa tsakiyar ƙarfen, ya dawo mu ci gaba. Mutumin da ba ya iya rufe baki ko a wurin gaisuwar mutuwa, ranar nan shiru ya yi. Shirunsa ya fi komai tayar mini da hankali.

Bayan Takanamat akwai wani kwari mai yashi mai zurfi. Dole muka rage iskar tayoyi don kada mu nutse, kamar yadda kowane direban arewa ke yi. Muka haye lafiya. A ɗaya gaɓar muka fito da famfon ƙafa muna mayar da iska, muna karɓa-karɓa, rana tana tsakar ka. Muka cika na mota. Da aka zo tayar hagu ta rimok, taubashina ya dakata.

"In na cika ta, tsagen nan zai buɗe. In na bar ta da laushi, za ta yi zafi. Wanne ka zaɓa?"

"Kai ne direba."

"Yau kuma ka san ni ne direba."

Ya ba ta iska kaɗan ya rufe. A nan muka yi azahar da taimama, don ruwan da ya rage a jarka na injin mota ne.

A wata gangara tayar ta fashe. Ƙarar kamar an harba bindiga a bayan kunnena. Rimok ya fizgi bayan motar zuwa hagu, ya sake fizgar ta zuwa dama, durom suna karo da juna. Na ga ƙafar taubashina ta nufi birki ta fasa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya bar motar tana rage gudu da kanta, ni kuwa kalmar shahada kawai nake maimaitawa. Da muka tsaya, ƙura ta lafa, sai na ga halin da muke ciki. Ƙarfen ƙafar hagu ya nutse a bakin wani zaizayayyen rami da ruwan damina ya ci, igiya ɗaya ta tsinke, gurub ya karkata yana kallon ramin. Ƙasa tana zubowa daga ƙarƙashin ƙarfen a hankali, a hankali.

"Duwatsu, Malam. Kada ka taɓa shi, duwatsu kawai," in ji taubashina.

Muka yi ta jido duwatsu masu ƙuna muna cusawa a ƙarƙashi har zubar ƙasar ta tsaya. Na ce a sa tayar ajiya ta mota. Ya nuna mini: ta mota ramin kusa shida gare ta, ta rimok huɗu. Waya babu layi a wurin. Gari kuma da nisa, wanda ya tafi a ƙasa ba zai dawo da rana ba, ga shi a shekarun nan ba mai son magariba ta same shi a hanyar arewa.

Muna cikin haka sai ga amalanken jakuna tafe daga wajen garinmu, cike da jarkoki suna ƙarar wofi. Mai shi wani dattijo ne makiyayi, cikin masu magana da harshen Tamashek, da rawani ya rufe baki. Na san fuskarsa a bakin famfo, amma ban san sunansa ba. Muka gaisa, ya ce alher ghas, wato sai alheri, ko da yake leɓunan jakunansa sun bushe. Ya ce daga famfo yake, ya gaji da jira, zai tafi wata rijiya mai nisa ko Allah zai sa ya samu, don a zangonsu an bar yara da ɗan abin da ya rage a salka.

Ina magana da shi, taubashina kuwa ya durƙusa a gindin amalanken. Ya ɗago ya nuna mini yatsu huɗu. Gatari iri ɗaya ne da na rimok.

Na ji nauyin buɗe baki, amma na buɗe. "Baba, wancan da ka gani shi ne injin famfo. Ka ara mana ƙafa ɗaya mu kai shi."

Ya dubi gurub, ya dubi rana. "In na ba ku, ni na zauna nan. In injin bai tashi ba?"

"Ya tashi a gabana a birni."

"Birni daban," in ji shi. "In na wuce yanzu, gobe da safe yarana sun sha. In na zauna, sai abin da kuka kawo."

Gaskiya ya faɗa. Taubashina ya fara cewa zai biya, dattijon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ce shi bai san direba ba, direba yau yana nan gobe yana Agadas. Ya juyo gare ni.

"Wa zan riƙe?"

"Ni za ka riƙe, Baba."

Ya sauka ya fara kwance jakuna.

Ɗaga rimok ɗin shi ne mafi wuya. Kirik, abin ɗaga mota, nutsewa yake a ƙasa, sai da dattijon ya ciro katako daga shimfiɗar amalankensa muka aza shi a kai. Duk dannawa ɗaya gurub sai ya yi wata ƙara ya ƙara leƙa ramin. Muka ɗaura masa igiya ta ɗaya gefen, ni da dattijon muka riƙe muna ja da baya, taubashina yana kwance a ƙarƙashin wannan nauyi yana kwance kusoshi masu zafi da tsumma. Na ce masa ya fito da kansa daga ƙarƙashi. Ya ce, "In ya faɗo ka auri matata, ka ga abin da nake gani." Da ƙafar ta zauna, ya ɗaure kusoshi, ya sauke kirik. Muka bar dattijon zaune a inuwar amalankensa da muka tokare da duwatsu.

Tayar amalanke ta saba da tafiyar jaki ne da nauyin jarkoki, ga ta a suɗe kamar tafin hannu. Don haka motar ta riƙa rarrafe, ni ina tafe a ƙasa kusa da ita ina kallo. Ba mu yi nisa ba wani kumburi ya fito a gefenta kamar ƙwan zabo. Na buga wa taubashina ƙarfe ya tsaya. Ya taɓa, ya ce babu abin yi, mu ci gaba. Duk juyawa ɗaya kumburin ya zo sama in gan shi, ya koma ƙasa in riƙe numfashi. Har muka hango tankin famfo yana girma, bai fashe ba.

Mutane suka taru aka sauke gurub, aka haɗa wayoyi, aka zuba gazuwal. Bugun farko ya yi tari ya mutu. Na biyu ma haka. Na juya baya na fuskanci gabas, ban iya kallo ba. Sai na ji ya kama, bayan ɗan lokaci kuma na ji shanu sun ruɗe da kuka, na san ruwa ya zubo a kwami.

Ban tsaya sha ba sai da muka cika wasu durom biyu da ruwa muka koma da ƙafar. Rana ta yi ja muka sami dattijon inda muka bar shi. Ya shayar da jakuna tukuna, muka cika masa jarkoki, sannan ya sha. Da muka mayar da ƙafar ya shafa kumburin da babban yatsa. Na ce masa mun ɓata masa taya, kuma tana wuyana. Ya ce, "Ai na ce kai zan riƙe." Ya kora jakunansa a hankali.

Damina ta sauka, su dattijon suka yi arewa da dabbobi kafin in sami taya. Da aka buɗe iyaka na sayi sabuwa a wurin mai facin nan, na sa ya karanta mini lambobinta ya tabbatar mini ba tsohuwar ajiya ba ce. Na rataye ta a zaure inda rana ba ta kaiwa. Duk ranar kasuwar Takanamat in ɗauke ta in tafi, in dawo da ita, har taubashina ya riƙa tambaya ko an sa ranar aurena da ita.

Sai bayan girbi na ga dattijon a wajen masu sayar da gero. Amalankensa na tsaye, tayar nan an naɗe kumburinta da tsinken roba da waya. Na ajiye sabuwar a gabansa. Ya gyara rawani, ya durƙusa, ya bi gefenta da yatsa har ya zagayo, kamar yadda mai faci ya yi da nawa yatsan. Ya miƙe ya ba ni hannu.

"Malam, na sake ka," in ji shi.

Na ce alhamdu lillahi, muka tafi neman mai sifana.