Jitar Ƙarshe da Tilo Ya Zaɓa

Daga Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina ɗakin da muke gwajin kiɗa ina naɗe wayoyin lasifika, sai maiɗakinka ta kira ni. Ba ta ja zance ba. Ta ce, "Injiniya, yayan naka ya cika." Na zauna a kan akwatin lasifika da waya a hannuna, na rasa ta wane gefe ake naɗe ta. Mun daɗe da sanin cewa ciwon nan ba mai sakin mutum ba ne, amma duk da haka labarin ya same ni ban shirya ba.

Ni ne mai kula da sauti a ƙungiyar kiɗan da ka kafa, mutumin da ya shafe sama da shekara ashirin a bayan zaure, gaban na'urar haɗa sauti, yana hango ka a kan dandamali. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma Yaya nake ce maka, kai kuma ka laƙaba mini Injiniya tun ban san bambancin wayar makirufo da ta dutsen guga ba. Sauran jama'a da Tilo suka san ka, kuma ba don kai kaɗai iyayenka suka haifa ba. Sunan ya samo asali ne daga jita guda ɗaya tal da kake riƙewa.

Ƙungiya irin tamu ba ta da bakin zaɓar abin da za ta kaɗa. Yau muna otal, masu cin abinci na son jaz mai taushi wanda ba zai hana su hira ba. Gobe ɗalibai ne, su a ba su rok har tagogi su ɗauki rawa. Jibi bikin aure, a fara da waƙar soyayya, a koma rege, a rufe da hailaif don tsofaffi su tuna ƙuruciya. Makaɗa da yawa kan zo da jita uku ko huɗu, kowace da aikinta. Kai kuwa in ka ga mutum yana jera su a dandamali, sai ka matsa kusa, ka gaishe shi cikin ladabi, sannan ka ce, "Sannu da kaya. Kiɗa ka zo yi ko shago za ka buɗe?" A ganinka, duk makaɗin da ke sauya jita tsakanin waƙa da waƙa yana barin mawaƙi a tsaye yana raba ido, masu rawa kuma jikinsu ya huce. Jita mai lantarki guda ɗaya ta isa, in an zaɓe ta da kyau kuma hannu ya san ta.

Bakinka yana da kaifi, wannan ba wanda zai musa, amma ban taɓa ganin shugaba mai ɗaukar kaya irinka ba. Ko an gama wasa ana ta kiran sunanka, kai ne za ka kama ɗaya gefen babbar lasifika mu sauke ta tare. Lokacin da mahaifin mai gangarmu ya kwanta a asibiti, kai kake zuwa da reza da sabulu kana yi masa aski, domin tsohon ya ce hannun ɗansa ya saba da duka, ba zai miƙa masa wuya ba. Ni kuma ba zan manta ranar da na haɗa waya ba daidai ba, lasifika ta yi wata ƙara har wata baiwar Allah ta zubar da kofinta. Mai taron ya taso zai ci mutuncina, ka tare shi ka ce jitarka ce ta yi. Sai da muka shiga mota ka juyo ka wanke ni tas, daga ni sai kai.

Damuwar ta faro ne ranar da jar jitarka ta zame daga bayan mota muna lodin kaya, wuyanta ya karye. Mai gyara ya manne ta, amma daga ranar ta daina riƙe saitin muryarta. Dole aka shiga neman wata, kuma ni ka ɗauka ɗan rakiya.

Duk wanda ya taɓa raka ka shagon kayan kiɗa ya san ba a zuwa da sauri. Ba ka fara haɗa jita da lantarki. Sai ka kaɗa ta a haka, ka ɗora haɓarka a jikinta don ka ji ko itacen yana amsawa. Daga nan ka rataya ta a kafaɗa, ka tsaya kana hira da mai shago har sai ka ji nauyinta na gaskiya, domin a cewarka babu jitar da ke da nauyi a minti biyar na farko. Sannan a haɗa ta. Ka saurari muryarta a tsaftace, ka ƙara mata zafi ka ji ko za ta yi ruri ba tare da ta shaƙe ba, ka juya ɗan maɓallin sauya murya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ka ja tsirkiya da ƙarfi ka sake ta, ka ga ko saiti ya gudu. A ƙarshe ka kai ta kusa da fitila, don ka ji ko za ta yi gunaguni a ƙarƙashin hasken dandamali.

Wata ya wuce, wani ya biyo baya, ba ka zaɓa ba. Wannan wuyanta ya yi kauri. Waccan tsirkiyarta na zuzu. Wata kuma ka ce ba ta da rai. Muka ɗauko makaɗin aro yana riƙe mana wasa, kai kana zaune a gida. Zabiya, mawaƙiyarmu, ta fara cewa iyayi ne kawai, ai ba mata za ka aura ba. Ni ma ina dariya, don duk mun san halinka na tsanani a kan kayan aiki, kuma makaɗi in ya ce jita ce ke da laifi, ba mai tunanin duba wani wuri.

Dogo, mai shagon da ka fi zuwa, shi ya fara lura. Wata rana ka fita alwala, sai ya jawo ni bayan kanta. Ya ce, "Injiniya, jita nawa na ba shi, duk aibi ɗaya yake samu, kuma a wuri ɗaya. Ka daina kallon jitar. Kalli yatsunsa biyu na ƙarshe." Da ka dawo na kalla. Ƙaramin yatsanka na hagu da na kusa da shi suna isa kan tsirkiya a makare, kuma ba sa danne ta har ƙasa. Zuzun da kake ji ba daga katako yake fitowa ba. Na kasa haɗa ido da kai har muka isa gida.

Maiɗakinka ce ta iya kai ka asibiti, don mu ba mu isa ba. Likita ya ce ciwon jijiya ne, mai cin ƙarfin jiki a hankali, kuma ba zai tsaya a hannu ba. Na ɗauka daga nan zancen jita ya ƙare. Kwana kaɗan sai ga ka a ƙofar gidana, ka ce in sa takalmi mu tafi wurin Dogo. A hanya ka ce mini, "Da ina neman wadda za ta iya kowane kiɗa. Yanzu ina neman wadda za ta iya kowane kiɗa da abin da ya rage mini." Abin da kake so ɗaya ne, ka sake tsayawa a dandamali tare da mu, kuma kowa ya san lokaci ba ya gefenka.

A ƙarshe ka same ta. Baƙa ce, mara ado, mara nauyi, siririn wuya gare ta. Dogo ya sa mata tsirkiyoyi masu laushi, ya sauke su kusa da katako yadda taɓawa kaɗan ta isa. Ka zauna ka sake tsara waƙoƙinmu yadda yatsu biyu za su ɗauki aikin huɗu. A ɗakin gwaji wata rana abin ya yi kyau har mai ganga ya share hawaye da sandarsa a hannu, wata rana kuma hannun ya ƙi gaba ɗaya. Ba mai iya cewa wace irin rana za ta zo.

Aka gayyace mu walimar sallamar wani shugaban makaranta da ya yi ritaya, da la'asar, a zauren makarantar. Ka ce za ka hau. Zabiya ta tara mu ba ka nan, ta ce ba za ta yarda a ga kasawarka a bainar jama'a ba. Aka shirya cewa mai fiyano zai riƙa bin kiɗanka a hankali, da murya mai kama da ta jita. In hannunka ya ƙi, ni zan sauke sautinka daga na'ura, in ɗaga nasa. Na amince, domin ban ga wata hanya ba. Amma tun da na fara aikin nan ban taɓa zama gaban na'ura da nauyin zuciya irin na ranar ba.

Ka buɗe da jaz, malamai suna ta gyaɗa kai. Ka shiga rege, sautin ya fito a cike, har na fara cewa a raina mun tsorata kanmu a banza. Sai aka zo hailaif, mai sauri, wanda ke da wurin da kowa ke yin shiru a bar jita ita kaɗai. Yatsana yana kan maɓallin sautinka. Kafin in taɓa komai, sai na ga fitilar layin jitarka a kan na'ura ta mutu. Babu sauti ko kaɗan. Na ɗaga na mai fiyano da sauri, na sunkuya na bi gefen bango da sabuwar waya a hannu, ina zaton tawa ce ta tsinke. Na durƙusa a gabanka zan cire tsohuwar, sai ka ɗora ƙafarka a kanta a hankali. Na ɗaga kai. Maɓallin ƙarar da ke jikin jitar a murɗe yake har ƙarshe. Da hannunka ka kashe ta. Kana tsaye, kana kaɗa kai daidai da ganga, yatsun hagunka sun lanƙwashe a kan wuyan jitar, sun ƙi buɗewa.

Da waƙar ta ƙare zauren ya ɗauki tafi, ana kiran "Tilo! Tilo!" domin su a zatonsu kai ka yi. Ba ka rusuna ba. Ka juya, ka nuna mai fiyano da hannun dama, ka tsaya a haka har sai da tafin ya koma kansa.

Muka shiga haɗa kaya. Kai ka zo inda nake, ka miƙo mini jitar in sa a akwati, ka ce, "Injiniya, ka ga zaɓe ko? Ta yi jaz, ta yi rege, da aka ce ta yi shiru ma ta yi." Ka yi dariya. Ni ban iya ba. Ba ka sake hawa dandamali ba, kuma kafin shekara ta zagayo ciwon ya kai ga numfashinka.

Abin da ke hana ni sukuni tun ranar Laraba shi ne, ban san ko ka san da shirin da muka yi ba. Na yi ta zuwa gaishe ka, na zauna a bakin gadonka muna hirar duniya, tambayar tana bakina, ban yi ta ba. In ba ka sani ba, to ka kashe jitarka ne don kada ka ɓata wa Zabiya waƙarta. In kuwa ka sani, to ka riga ni ne, don kada a ce hannun ƙaninka ne ya yanke maka sauti na ƙarshe. Na juya abin ta kowane gefe, Yaya, kuma duk inda na juya shi nauyinsa ɗaya ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa nuna gajiya ba, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka, da Zabiya da mai ganga da mai fiyano da Dogo, da duk wanda ya taɓa taka rawa a kiɗanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari, Ya shirya su.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Kai da ka saba rufa wa na ƙasa da kai asiri a gaban jama'a, Allah Ya rufa maka naka a ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai. Amin.