Bugu Biyar a Ramin Kuza

Wallahi abin da zan faɗa muku da idona na gani, shekarun baya, lokacin ina gyaran turakun sabis ɗin waya tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Akwai wani turke bayan Riruwai, kullum in azahar ta yi sai waya ta ɗau ƙara, magana ta yanke, mun canja duk abin da ake canjawa a banza, sai aka turo mana wani injiniya daga Kano, irin masu ji da kan nan, ko sallama sai ya ga dama yake amsawa.

Ya zo da wata na'ura mai eriya da ke kama duk motsin lantarkin da ke cikin iska, ta zana shi a kwamfuta daƙiƙa bayan daƙiƙa, ta tace hayaniya ta bar mai laifin. Da ya tace, sai ga layi yana tsalle sau uku, ya kwanta, ya sake uku. Muka bi inda eriya ta nuna har bakin wani tsohon ramin kuza da ya cike, ba wayar wuta ba janareta, sai guntun bututun ƙarfe a tsaye.

Wani dattijo mai kiwo ya matso muka gaisa, ya dubi kwamfutar ya ce, "Yaro, haka masu haƙa ke buga bututu in ƙasa ta rufta musu."

Injiniya ya yi tsaki. "Baba, jahilci ke damunku. Matacce batir gare shi?"

Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa bututun sau biyar yana dariya. Layin ya kwanta. Can sai ya yi tsalle, ɗaya bayan ɗaya, har biyar.

Injiniya ya ce wai kuskuren na'ura ne, ya zare eriyar gaba ɗaya. Layin bai tsaya ba, sai ma sauri da ya ƙara, kamar wanda ya ji an amsa masa.

Jama'a, mai digirin nan a mota na tarar da shi, ya kulle ƙofa, ni na kwaso masa kayan. A rahoto kuma ba kunya ya rubuta wai tsatsa ce.

Ni abin da ke cina har yau, mun amsa, sannan muka juya muka tafi. In kun ga bututu a jeji ku yi addu'a ku wuce, kada wanda ya buga sai in ya shirya haƙa.