Tara da na kira da sarakuna uku

Ni mutum ne mai saurin baki, matata ta sha faɗa mini, kuma ban taɓa musawa ba. Amma abin da bakina ya yi wa kawunta, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Yaƙi ne ya koro shi daga garin Madani ya sauka gidanmu a Gadarif. Tela ne, ya bar keke da shago a can. Wata biyu yana zaune kan angarib, gadon nan na igiya, sai ran nan na ja shi gindin dalbejiyar da muke buga wist bayan la'asar, lokacin da aikin riɗi ya lafa. Wist karta ce ta mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da ganye sha uku. Kafin a fara, kowa zai duba hannunsa ya faɗi zagaye nawa shi da abokinsa za su ci, daga bakwai zuwa sama. Al'adarmu kuwa, wanda aka ce shi ya kayar da wasa, sai ya bar tabarma har wani ya sake kiransa abokin wasa. Kawu baƙo ne, ba mai kiransa sai ni. A kan tabarmar nan na fara jin dariyarsa.

Ranar da abin ya faru, na buɗe hannuna na ga sarakuna uku da as ɗaya, shi ne ganyen da ya fi sarki. Kaina ya kumbura. Ban tsaya na duba cewa sarki guda shi kaɗai yake a launinsa ba, babu ƙaramin ganyen da zai kare shi in as ya fito, na biyun ma da ɗan rakiya ɗaya tak. Hannun bakwai ne, da kyar ma. Sai mai awon hatsi da ke hamayya da mu ya ce takwas, yana wani murmushi. Ni kuwa na ce tara, don kawai in goge murmushin.

Shida muka ci. Sarakunana biyu suka faɗi ƙarƙashin as kamar kajin da shaho ya samu a fili. Mutane suka fara dubana, ni kuma na juya kan Kawu.

"Haba Kawu, wannan wace irin buga ce? In kan ya daina riƙe lissafi, ai sai a faɗa mana."

Ya dube ni, ya tattara ganyen a hankali ya miƙa wa mai raba karta. "Halas, shi ke nan, laifina ne," in ji shi. Ya sa takalmansa ya tafi. Wani ya ce tsufa ba wasa ba, aka yi dariya, har da ni.

Kwana huɗu bai fito ba. Na biyar na same shi a tsakar gida yana ɗinke rigar matata da allura, na zauna na fara kame-kame, wai wasa ne, kowa na kuskure. Bai ɗago ba. Sai ya fara lissafa mini hannuna na ranar, ganye bayan ganye, duk sha ukun, da zagayen da kowanne ya faɗi. Ko ɗaya bai kuskure ba.

"Tun zagaye na uku na san ba ka da tara, ɗana," ya ce. "Sarki ba a ƙirga shi sai an ga wanda ke bayansa."

Na ce to me ya hana shi faɗa a gaban mutane.

"A gidanka nake ci. In kunyata ka a unguwarka?" Ya ciji zaren ya tsinke. "Na bar shago, na bar keke. Kaina kaɗai na fito da shi daga Madani. Shi ne ka ce musu babu."

Washegari na faɗa wa 'yan tabarma gaskiya duka, kunya kamar ta kashe ni. Mai awon hatsi da kansa ya zo har ƙofar gida ya ce yana son Kawu ya zama abokin wasansa. Kawu ya ba shi shayi, ya yi godiya, ya ce idonsa ne ba ya gani sosai yanzu. Allurar na hannunsa lokacin, ya zura mata zare a karo ɗaya.