Anti Lantana da Jan Gashin Nazeefa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Anti Lantana mai kitso ta Kuchigoro, bayan jinyar kwana tara. Ni Rukayyat, maƙwabciyarki, ban yi karatu mai nisa ba, amma ba zan iya yin shiru ba.

Anti, duk yarinyar da ta tashi a layinmu ta zauna tsakanin gwiwoyinki. Kin ajiye ƙaramin talabijin a shagonki, kina kunna wa yara katun don su daina mutsu-mutsu idan ana musu kitso. Ke da kanki kin fi su kallo. Sau nawa kika yi tsaga a karkace saboda dariya, kika warware kika sake?

'Yata Nazeefa da jan gashi aka haife ta, ni da babanta kuwa namu baƙi wuluk. Mata suka ce tamowa ce. Na kai ta asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau, halitta ce. Da ta shiga firamare, yara suka riƙa ce mata tsinto ta aka yi. Ta daina zuwa makaranta. Wata rana ina wanki ta tambaye ni, "Mama, da gaske ke kika haife ni?"

Abin da na yi ina jin kunyarsa har yau. Na sayo baƙin rini na manya na shafa mata, fatar kanta ta yi ƙuraje. Da na kawo miki ita, ba ki yi mini faɗa a gabanta ba. Kin shafa mata man kaɗanya, kika juya ta wajen talabijin.

"Nazeefa, wancan baban, gashinsa wane kala ne?"

"Shuɗi."

"Maman fa?"

"Ruwan ɗorawa."

"Yarinyar?"

"Kore, Anti!"

"To, wa yake dafa mata abinci? Wa yake bin ta da gudu in ta ɓata? Oga mai shuɗin kai ko ya taɓa cewa ba tasa ba ce?"

Ta yi dariya, irin wadda na yi sati uku ban ji ba.

Ba ki tsaya nan ba. Kin zaunar da ni da ƙarfi, kika yi mini kitso da jan ulu, naki kuma kika sa kore, kina da shekara hamsin da wani abu. Washegari muka raka ta makaranta. A bakin get kika zame ɗankwalinki kaɗan, kika ce wa yaran, "Ku zo ku ga danginmu." Ranar Asabar yara bakwai suka yi layi a shagonki, kowacce ja take so.

Jiya Nazeefa ta zana gidanmu a littafinta. Babanta baƙi, ita ja, ni ja. A gefe ga wata mai koren kai riƙe da matsefi. Na ce wannan fa? Ta ce, "Ai 'yar gidanmu ce."

Allah ya jiƙanki, Anti Lantana, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Lukmanu, da 'yarki Nabilah, da duk matan layinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.