Mai Igiya a Bakin Khazan

Ku tambayi duk wanda kuke so, daga unguwar Bab Makka har unguwar Kurayyat: ba a taɓa yin mai wankin khazan da ya kai ni taurin zuciya ba. Na shiga ramin da ko aljani sai ya nemi rakiya. Sai dai akwai wata rana da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba, kuma ku yaran da kuka kama aiki bana ya kamata ku ji ta.

Ga wanda bai sani ba, khazan shi ne tankin ruwa da ake ginawa a ƙarƙashin gida, motar ruwa da ake kira wayit ta zo ta cika shi. In ya yi datti sai a kira mu. Ƙa'idarmu mutum uku ne. Biyu su sauka ta tsani da buroshi da magani, igiya ɗaure a ƙugu. Na uku ya zauna a baki riƙe da igiyar, yana kiran sunayenku don ya tabbatar warin magani bai kwantar da ku ba. Mai igiyarmu Baba Sale ne, dattijo marar yawan magana. Abokin saukata kuwa Usman, Bahaushen Sudan.

Ni wannan tsari ina taƙama da shi, domin haka nan mazan da suka fara zuwa duniyar wata suka yi. Ina yaro na ji labarinsu a rediyon kawuna, daga baya na gan su a talabijin a wani shagon gahawa a unguwar Hindawiyya: biyu sun sauka, ɗaya yana sama shi kaɗai cikin duhu yana jiransu. Mutane masu mata da 'ya'ya, suka zauna a kan tulin wuta cikin gwangwanin da bai kai ɗakina ba, ba wanda ya ba su tabbacin dawowa. Waɗancan su ne maza. Na yanzu in fanka ta tsaya sai kuka.

A shekarun da jawwal, wato wayar hannu, ya fara shiga hannun kowa aka kawo mana sabon mushrif, wato mai kula da ma'aikata, yaron da ko ƙafarsa bai taɓa zurawa a khazan ba. Ya kira ni ya ce, "Ya Bala, daga gobe mutum biyu a kowane khazan. Tsohon nan halas, ƙarshen mako kafili zai sallame shi."

In kafili, wato ubangidan da ya tsaya mana, ya sallami Baba Sale, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, sai gida, ga iyali a wuyansa. Na ce, "Ya Ustaz, wa zai riƙe igiya?"

"Ku ɗaura a jikin famfo."

"Famfo zai kira sunana? Waɗanda suka je wata ma, da duk iliminsu, sai da suka bar mutum a sama!"

Ya yi dariya, idonsa a kan jawwal. "Wane wata? Fim ne, a sahara suka ɗauka. Yalla."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutane sun saka ransu a tafin hannu, ɗan da aka haifa jiya yana zaune cikin sanyin ofis yana ƙaryata su!

Washegari muka je wani gida a Kurayyat. Mushrif ya ce Baba Sale ya zauna a mota ya tsare kaya, shi kuma ya tafi. Muka ɗaura igiya a famfo muka sauka, ina ta masifa, Usman yana cewa, "Ya akhi, bakinka ya fi maganin nan ƙarfi."

Ashe mai gidan ya riga ya kira wayit. Direba ya iso ta ƙofar baya, ya ga murfi a buɗe, ba kowa a baki, ya zura bututu ya saki ruwa. Jama'a, Bahar Maliya ce ta zubo mana a ka. Tsani ya faɗi, fitila ta mutu. Usman siriri ne, ya bi igiya ya haura kamar ƙadangare. Ni kuwa da wannan tumbi sai na rungume bango ina ihu. Ƙarar injin ta hana direba ji, kuma Usman shi kaɗai ya kasa ɗaga ni.

Baba Sale ne ya ji ƙarar inji ta maye gurbin surutuna, ya taso daga mota. Ya daka wa direba tsawa, sannan shi da Usman suka jawo ni. Ruwa ya kai mini wuya. Bakin khazan ya tuɓe mini wando a hanyar fita.

Kafili ya ji labari, ya dawo da mutum na uku a ranar. Kada ku ce tausayinmu ya ji. Mai gidan ne ya yi masa barazanar 'yan sanda, wai an ɓata masa ruwa. Ruwa fa, ba mu ba! Wannan har yau yana ci mini rai. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a sana'armu wanda kuke gani a zaune kamar ba ya komai, shi ne aikin. Ranar da na kama ɗayanku da igiya a hannu ɗaya, jawwal a ɗaya, ni da shi ne.

A hanyar komawa ina bayan mota, ɗaure da tawul, na ce, "Baba, yau ni da kai mun zama irin mutanen wata."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bala, su ma da suka je, Inna suka yi ta kira?"