Miyar Laraba ta Pinakin

Ranar Laraba ce, don haka Pinakin ya riga ni tashi. Ina kwance na ji ruwa yana zuba a kicin, na san yana tsiyaye waken mag da ya jiƙa tun daren jiya, ƙananan korayen nan. Gidaje da yawa a garinmu Nadiad suna dafa mag ran Laraba, amma ban san gidan da ya riƙe abin da ƙarfi kamar namu ba.

Pinakin ɗana ne. Ya rasu yana da shekara talatin da takwas. An sha wuya wajen haihuwarsa, hankalinsa bai taɓa cim ma shekarunsa ba, kuma yana da farfaɗiya tun yana ƙarami. Karatu bai shige shi ba. Mu biyu muke zaune a gidan tun rasuwar mahaifiyarsa Jyotsna, ni da na yi ritaya daga koyarwa a kwaleji, da shi.

Da gari ya waye muka sha shayi a kan lilon falo.

"Pappa, yau ne za a gyara maka ido?"

"Dubawa za a yi, Pinu, ba gyara ba."

"Gara su gyara. Jiya gishiri ka zuba a shayi."

"Wa ya sauya wa gwangwanin wuri?"

"Ba ni ba ne. Idonka ne."

Da hantsi Jashiben mai kayan miya ta turo kurarta cikin layinmu. Pinu ya fita da kwando, ya shiga latsa tumatir ɗaya bayan ɗaya.

"Pinubhai, ka latse mini su duka, wa zai saya?"

"Naki na makon jiya ruwa ne zalla."

"To ka je wajen wata."

"Watan ba ta ba ni barkono kyauta."

Ta zage shi da dariya, ta jefa masa barkonon a kwando.

Mahaifiyarsa ce ta koya masa miyar, a shekararta ta ƙarshe, tana zaune a kujera saboda tsayuwa ta gagare ta. Ba ta koya masa wani girkin ba. Ta ce guda ɗaya ya ishe shi, in dai zai yi shi daidai. Kuma yadda ta koya masa haka yake yi, ba ya tsallake komai, ba ya sauya jeri. Zai dafa waken a tukunya mai usur har ya fashe amma bai dame ba. Zai ɗora mai a kasko, ya zuba 'ya'yan mastad, ƙananan ƙwayoyin ƙamshin nan, ya ja da baya har su gama tsalle. Sai dakakkiyar citta da ɗanyen barkono, sai tumatir da kurkur, sai waken da ruwansa, sai ɗan gutsuren mazarƙwaila. Idan miya ta yi kauri zai kashe murhu, ya durƙusa ya rufe kan tukunyar gas, ya faɗa da ƙarfi, ko da kowa ko babu, "Na kashe." Bayan nan ne kawai yake yanka lemon tsami, domin uwarsa ta gaya masa lemo kan wuta ɗaci yake yi. Kwanon farko kuwa na Champaben ne, tsohuwar da ke saman benen da ke fuskantar gidanmu, wadda ciwon gwiwa ya hana ta saukowa shekaru da dama. Shi yake kai mata da kansa, Masi yake kiranta.

Ƙanwarsa Falguni, da ke aure a Pune, ba ta taɓa yarda da wannan girki ba. Bayan rasuwar uwarsu ta zaunar da ni ta ce, "Pappa, mai farfaɗiya da wuta? Da tafasasshen mai? In ya faɗi kan murhu fa?" Gaskiya ta faɗa, kuma likita ma ya faɗi kusan haka. Amma na ga yadda Pinu yake zama a sauran ranakun mako, da yadda yake tsayawa ran Laraba. Na ce zai ci gaba. Na yi mata alkawari ɗaya, cewa duk lokacin da wuta take kunne ina zaune a bakin ƙofar kicin da jaridata. Na riƙe wannan alkawari shekara da shekaru.

Ranar kuwa likitan ido safiyar Laraba kaɗai ya ba ni. Ina sa takalmi na ce, "Ka jira in dawo. Ma ci a makare."

"Masi tana shan magani da rana. Sai da abinci."

"Surukarta za ta ba ta."

"Abincin surukarta ba daɗi. Ita ta faɗa."

Ya fi shekara biyu ciwon bai tashi ba. Na dube shi, ya riga ya naɗe hannun riga. Na ce, "To ka rage wuta." Ya ce, "Ka gaishe da likita." Na fita.

Rana ta take, an ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ina zaune a layi, sai waya ta yi ƙara. Jashiben ta dawo ta layinmu, ta tsaya neman ruwan sha kamar yadda ta saba, ta kira ba amsa, ta leƙa. Yana kwance a bakin ƙofar kicin, rabinsa ciki rabinsa waje. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti. Kafin in isa ya cika. Saboda maganin nan ban ga fuskarsa sosai ba, haske ne kawai da inuwa. Likitan da ya karɓe shi ya ce zuciya ce ta tsaya, wataƙila ciwon ne ya tashi, wataƙila ba shi ba ne, ba zai iya rantsewa ba.

Da muka kawo shi gida da yamma matan layi sun riga sun yi abin da ake yi. Duk dafaffen abincin da ke gidan an kwashe an kai wa shanu, an wanke tukwane an kife, an goge ƙasa. Kicin ɗin fes, ba abin da zai gaya mini inda girki ya tsaya.

Washegari Falguni ta iso, muka yi masa wanka kafin a kai shi wurin ƙona gawa, yadda al'adarmu take. Idona ya washe. A bayan hannunsa na dama na ga ƙuna, sabuwa, faɗin ɗan yatsa. Na juya hannun na rufe da mayafi. Ban gaya wa kowa ba.

A kwanakin zaman makoki ba a kunna wuta a gidan ba, abinci daga maƙwabta yake zuwa. Na riƙa jan matan gefe ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, wa ya kashe gas? Wannan ta ce tana jin waccan ce. Waccan ta ce da ta shigo hankalinta ba ya kan murhu. Jashiben ta ce, "Malam, ni fuskarsa kawai na gani." Ba wadda ta tuna ko a kunne yake ko a kashe.

Falguni ba ta zarge ni ba. Sau ɗaya ta tambaya, tana ninke tabarmi, ba ta dube ni ba.

"Pappa, kana ina lokacin?"

"Wajen likitan ido."

"To."

Daga nan ba ta ƙara shiga kicin ba sai dole, kuma na ji ta a waya tana gaya wa mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya kwashe kayan kicin bayan an gama makoki.

Abin da nake son sani ɗaya ne. Mutuwarsa na iya ɗauka, domin tun yana jariri aka gaya mana ba lallai ya daɗe ba. Amma shin a gaban wuta abin ya same shi? Mai ne ya fallatsa masa ya firgita, ciwon ya tashi, ya ja jiki zuwa ƙofa yana neman inda na saba zama? In haka ne, to abin da 'yata ta yi shekaru tana tsoro ne ya faru, kuma ni na ba da izini. Na san amsa tana ƙetaren layi, a saman bene. In ya kai wa Champaben kwanonta, ya gama girki ke nan. Sau biyu na tsaya a gindin matakalar. Ban hau ba. In ta ce mini bai zo ba, ba ni da sauran wanda zan tambaya. Ita ma ta aiko da gaisuwar ta'aziyya ta bakin surukarta, ba ta ce komai game da miya ba, sai na ɗauki shirun nata a matsayin amsa.

Washegarin rana ta goma sha uku, ranar ƙarshe ta makoki, an gama addu'o'i, baƙi sun watse, muka ji hayaniya a waje. Champaben ce take saukowa daga bene a zaune, mataki bayan mataki, surukarta tana bin ta da faɗa. Ta ƙetare layi da sanda, ɗaya hannun riƙe da ƙaramin kwanonmu. Ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ta cika shi da sukari.

Falguni ta zaunar da ita a lilo. Ta jima tana haki.

"Dinkarbhai, ga kwanonku. Kuma na zo in faɗi abin da na yi, in za ku kore ni ku kore ni."

"Me kika yi, Champaben?"

"Na cinye."

"Kika cinye me, Masi?" in ji Falguni.

"Miyar mana! Ya kawo mini, na rufe na ajiye saboda gurasar roti ta waccan malalaciyar surukar tawa ba ta gasu ba. Sai na ji ihu a layi. Da yamma ta ce in ba ta ta zubar, abincin gidan mutuwa ne. Na ce na riga na zubar. Ƙarya nake, yana ƙarƙashin gadona. Da ta tafi ɗebo ruwa na fito da shi na cinye, da sanyinsa, ina kuka. Ni da ban taɓa karya azumi ba tun ina amarya. Ban iya ba wa saniya ba, Dinkarbhai. Kunya ta hana ni aiko muku da maganar."

Na ji muryata ta fito kamar ta wani. "Shi ya kawo? Da kansa?"

"To wa zai kawo, kai? Ka taɓa hawa benen nan?"

"Akwai lemon tsami a ciki?"

Ta dube ni kamar na zautu. "Tsami har kunne. Na ɗanɗana a gabansa na ce, Pinu, gishiri bai ji ba. Ya ce, Masi, bakinki ne ya tsufa. Ka ji ɗan banza."

"Hannunsa fa? Na ga ƙuna."

"Wannan? Ai shi ya nuna mini, yana taƙama da ita kamar lambar yabo. Ya ce mastad ya cije shi, amma bai saki ludayi ba. Na shafa masa man goge haƙori, ya ce yanzu hannunsa ya fi bakina ƙamshi. Ya zauna ya sha ruwa, ya ba ni labarin wai ka zuba gishiri a shayi. Na leƙa ta taga har ya ƙetare ya shige gida, yana kaɗa hannun a iska don ya bushe."

Man goge haƙorin wataƙila a asibiti aka goge shi. Ban tambaya ba, ba na bukata.

Falguni ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tsohuwar. Ta ce, "Ya kashe wutar, Pappa." Na ce, "Ya kashe." Ta sake faɗa, sannan ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka ɗauke shi. Champaben tana shafa kanta tana cewa, "To ni da na ci haram ban yi kuka haka ba." Muka yi dariya mu uku, abin kunya, ƙofa a buɗe.

Ban san abin da ya tsayar da zuciyarsa ba, kuma ba zan sani ba. Na san dai ya gama aikinsa, ya rufe gas, ya kai wa tsohuwa abincinta, ya tsokane ta, ya dawo gida da ƙafarsa. Daren nan na yi barci har rana ta fito.

Kayansa ba su da yawa. Tufafin mun kai wa masu zama a ƙofar haikali. Sauran magungunan na mayar asibiti, ko za su yi wa wani amfani. Rediyonsa Jashiben ta karɓa, ta ɗaure shi a jikin kurarta. Akwai buhun mag na shekara da muka shafe da man zurma don kada ya yi ƙwari, bai kai rabi ba. Falguni ta auna shi a leda ta bi gida gida, ta ɗebi nata ta sa a jaka. Da mai sayen ƙarafa ya zo da ma'auninsa, ita ta fita ta same shi a ƙofa, ta ba shi tsohon keken da Pinu bai taɓa iya hawa ba, ta ce kicin ba abin sayarwa. Takalmansa na roba sun yi mini daidai. Su nake sawa in zan je kasuwa.