Mehluli da Sikelin Filin Sukuwa

Yayana Mehluli Tshuma mahayin dawakin sukuwa ne a Bulawayo, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ci ya ƙoshi ba. Ba wai babu ba ne. Ni ce ma mai sayar da tuwon masara da naman sa a bayan rumfar 'yan kallo duk ranar da ake tsere. Sikeli ne ya hana shi ci. Kafin a hau, sai an auna mahayi da sirdinsa, in ya haura nauyin da aka yanka wa dokin, a ba wani.

Shi kuwa tsayin babanmu ya ɗauko. Sauran mahaya gajeru ne, su ci abinsu su sha. Bhudi, kamar yadda muke kiransa, sai ya saka rigar ruwa ta leda da tsakar rana ya yi ta zagaya filin da gudu, har gumi ya cika masa takalmi. Abincinsa baƙin shayi da rabin lemo.

Yakan leƙo wurina kafin tsere, cikin rigar siliki mai launin mai dokin.

"Sakhile, buɗe min tukunyar nan mu gaisa."

"Haba Bhudi, ko loma ɗaya."

"So kike Baba Mlilo da ya zuba kuɗinsa a kaina ya tsine min? Tun safe yake bina, wai in na faɗi tseren nan matarsa ba za ta buɗe masa ƙofa ba."

Sai ya sunkuya ya shaƙi tururin, ya rufe da hannunsa, ya tafi.

'Yan caca sun san shi da kwanar ƙarshe. Yakan lafe a jikin shinge har a karyo kwanar, sannan ya saki linzami. In ya ci, su ɗaga shi sama suna waƙa. In bai ci ba, ka ji wani daga rumfa: "Kai ƙashi da rai! Tuwon ƙanwarka ne ya danne dokin!" Dariya kawai yake yi.

Daga baya al'amura suka taɓarɓare. Masu dawaki suka fara sayarwa suna barin ƙasar, dawakin da suka rage aka loda su a mota zuwa Harare. 'Yan caca suka koma shagunan cikin gari, suna zuba kuɗi kan dawakin birnin Durban, can ƙasar waje, da suke gani a talabijin. Da aka rufe filin, Mehluli ya bi sawu har Harare, aka ce masa ya tsufa, akwai yara.

Ranar da ya dawo na yi girkin da ban taɓa yi ba. Mama ta zuba masa da kanta, ta zauna tana kallonsa.

"Ci, ɗana. Yau babu mai auna ka."

Ya yi 'yan lomomi yana santi, yana cewa ashe haka na iya miya. Can sai ya tashi da sauri ya zagaya bayan ɗaki. Muna jin sa yana amai. Mama ta rufe kwanon.

Haka abin ya ci gaba, har muka kai shi asibiti. Likita ta ce ƙodarsa ta lalace, cikinsa kuma duk gyambo. A nan muka ji cewa shekara da shekaru yana shan ƙwayar fitsari don ya zubar da ruwan jikinsa kafin awo.

A hanyar gida na ce, "Me ya hana ka gaya mana?"

"Da na gaya muku, Mama za ta bar ni in sake hawa?"

"Ai da ka yi wata sana'ar."

"Wacce? Ke ba ki taɓa jin yadda doki yake a ƙarƙashinki in ya karyo kwanar nan ba."

Ƙarshen rayuwarsa a benci ya yi shi, a ƙofar wani shagon caca. Samari su ce, "Madala," wato tsoho, "wane doki yau?" Ya ce shi bai iya gane doki ta cikin gilashi ba. Wata rana ya matsa in raka shi filin. Shinge duk an cire an yi itacen girki, mata sun yi shuka a kan hanyar tseren. Yana tafe a hankali yana duban ƙasa, sai wata ta ɗago daga noma.

"Malume," wato kawu, "kana taka min masara!"

Ya cire hula ya ba ta haƙuri, muka juya.

Daminar nan ya rasu. Wajen jana'iza wasu tsofaffin masu kula da barga suka zo daga unguwar Makokoba a ƙafa, suka ce su za su ɗauki akwatin. Da suka ɗaga suka ji rashin nauyinsa, na gaba ya waiwayo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Bayan an rufe kabarin suka tsaya a gefe suna gardama kan sunan dokin da ya fara cin tsere da shi, kowa da wanda yake faɗa. Ba su daidaita ba har ruwa ya sauko, muka watse.